Taku Shida da Suka Ɓace a Gidan Gandu

Gidan da kakan mahaifina ya gina yana wani ƙauye tsakanin Urafan da Hawandawaki. Mu a danginmu gidan gandu muke kiransa, domin a tsakiyar gonakin kakan yake zaune. Mutanen ƙauyen kuwa Soro kawai suke cewa. Tun kana nesa za ka hango shi, ja wur a kan farin yashi, ya ɗara kowane gini tsawo, da zankwaye huɗu a kusurwoyinsa kamar kunnuwan zomo.

A Tasawa aka haife ni, can na yi lakwal, wato makarantar boko, can kuma na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa har na ajiye aiki. Amma duk babban hutu mahaifinmu yakan kwashe mu ya kai mu gidan gandu, mu yi damina a can. Don haka na san gidan nan, ko in ce ina tsammanin na san shi.

Abin da ya fi komai kyau a cikinsa zaure ne. Ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bakuna huɗu ne na ƙasa suka taso daga jikin bango, suka lanƙwaso sama suka haɗu a wuri guda, irin rufin da magina ke kira ɗaurin guga, an kuma kafa wata tasar jan ƙarfe a mahaɗarsu. Ko ranar bazara ta kai inda ta kai, in ka shiga zauren sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. Kaurin bangon daga ƙasa ya isa babba ya kwanta a kansa a gicciye. Daga zaure sai shigifa, sai tsakar gida, sai wata matattakala ƙarama mai duhu da ke hawa zuwa ɗakin bene inda kakan yake zama. Ɗakin yana da ƴan tagogi huɗu, kowace na kallon sashe ɗaya na duniya. An gaya mana don iska aka yi su. An kuma gaya mana daga Katsina kakan ya ɗauko gwanin da ya yi ginin. Na sha faɗa wa ƴan ajina wannan labarin, ina zana musu zauren a allo, ina ce musu su daina raina ginin ƙasa.

Shekara uku da suka wuce aka yi wani ruwa na kwana uku ba ɗagawa. Yayana, wanda ke sayar da hatsi a Mayahi kuma shi ne babba a gidanmu yanzu, ya kira ni a waya ya ce kusurwar gabas ta zauna, bango ya tsage tun daga sama. Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ita ce ke cikin gidan, ta haura tamanin, ta kuma ce ba inda za ta. Yaya ya ce zai aiko da bulo da siminti a ɗaure wurin a huta. Na ce ban yarda ba. Muka yi ta ja a waya har ya gaji ya ce to in zo in tsaya a kan aikin da kaina, shi ma zai zo ya ga abin da ƙasa za ta yi wanda siminti ba zai yi ba.

Magini ɗaya ne ya rage a yankin wanda ya san irin wannan gini. Tsoho ne dogo, marar yawan magana, yana zaune a unguwar da ke bayan gidan, hayin rijiya. Tun ina yarinya na san shi, duk bayan kaka yakan zo ya yi wa soron yaɓe, ya gyara indararo. Baba nake ce masa, shi kuma tunda na fara aiki yake ce mini Madam.

Bayan mun iso ni da Yaya, da hantsi ya zo. Bai taɓa tsagar ba tukuna. Ya fita waje ya bi bangon gabas yana takawa a hankali, yana ƙirga a bakinsa. Ya dawo ciki ya bi bangon nan dai ta tsakar gida, ya sake ƙirgawa. Sannan ya tsaya gabanmu ya ce ta waje taku ashirin da biyu ne, ta ciki goma sha shida.

"Ina sauran shidan, Madam?" ya tambaye ni.

Na yi dariya na ce kaurin bango ne. Ya girgiza kai. Ya nuna mana wata tsohuwar rufewar hatsi da ke jingine da bangon a lungun gabas, wadda tun tasowata ban taɓa ganin an zuba mata komai ba. Ya ce akwai ɗaki a bayanta. Indararon da ya karye a cikin ɗakin nan yake ta zubar da ruwa, azarun rufinsa sun fara ruɓewa, shi ya sa kusurwar ta zauna. Ba yadda za a gyara sai an shiga. Amma shi ba zai sa hannu ba sai masu gida sun ce a buɗe. Sau uku yana maimaita wannan maganar. Yaya ya ƙosa, ya ce a buɗe mana, wa ya sani ko tsoho ya ɓoye mana tulun azurfa ne. Maginin bai yi dariya ba.

Aka rushe rufewar. A bayanta yaɓen bangon ya bambanta da sauran, kamar facin da aka yi wa riga. Maginin ya sa diga a hankali, tubali suka fara faɗowa, sai ga ƙofa. Tsawonta bai wuce ƙugun mutum ba. Babu ƙyaure, amma ramukan da ake zura sandar kulle suna nan a gefe da gefe, kuma ta waje suke. Wani wari ya buso, na ƙasa mai laima da jemage da wani abin da ban san sunansa ba.

Ni na fara shiga, da rarrafe, da fitilar wayata a hannu, ko da yake rana na tsaka. Da na yi niyyar miƙewa sai kaina ya bugi azara. Rufin bai kai a tsaya ba. Ɗakin dogo ne siriri, ba taga, sai ƴan huji uku can sama waɗanda dunƙulen hannu zai toshe. A ƙasa, tun daga wannan bango har wancan, an shimfiɗe wani gungumen itace baƙi, an fafe shi wuri-wuri, da wani a kansa da ya dace da shi. Ga zobban ƙarfe kafe a jikinsa, tsatsa ta cinye su. A kusurwa akwai fasasshen kasko da waɗansu ƙarafa biyu masu baki kamar munduwa, sanda ta haɗa su.

Na haska bango. Ba a yi masa shafen makuba ba kamar sauran gidan, ƙasa ce tsurarta, mai kaushi. Sai dai a daidai inda bayan mai zama zai kai, ƙasar ta yi sumul, ta yi baƙi, tana ƙyalli kamar bakin tsohuwar rijiya. Wuri-wuri ne, a jere, kowane yana fuskantar rami ɗaya na gungumen. Na ƙirga bakwai.

Na fito gwiwoyina duk laka. Har yanzu ina jin kunyar abin da ya fito daga bakina, domin na riga na gane, bakin ne kawai bai yarda ba. Na ce, "Baba, ɗakin awaki ne?"

Ya ce, "Ba a sa ma akuya ƙafa a turu, Madam."

Yaya ya karɓi wayar ya shiga. Ya daɗe. Da ya fito bai dubi kowa ba, ya cire hularsa ya kakkaɓe, ya mayar, ya sake cirewa.

A zaure muka zauna, mu uku. Maginin ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa inda ya saba zama, ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin kasuwa. Ya ce mu dubi ƙauyen nan, yashi ne ko'ina, ba inda za a sami jar ƙasa ta gini sai bakin wani tabki da in ka tashi da asuba sai hantsi za ka isa. Duk ƙasar da ke jikin gidan nan a kai aka ɗauko ta, kwando-kwando. Ruwan kwaɓi mata suka jawo shi. Azarun giginya daga kudu aka taho da su a kafaɗa, mutum biyu-biyu, kwana da kwanaki. Waɗanda suka yi wannan aikin bayin kakanmu ne, su ne kuma ke noman gandun, unguwar da ke hayin rijiya ita ce rinjinsu. Tagogin bene huɗun nan don maigida ya ga kowace gona yana zaune aka yi su, ya san wanda ya duƙa da wanda ya miƙe. Ɗakin da muka buɗe kuwa na sababbin saye ne har su saba, da wanda ya gudu aka kamo.

Shekara sittin ina shiga gidan nan ina fita, ban taɓa tambayar inda ƙasarsa ta fito ba.

Na ce to gwanin Katsina fa? Ya ce gaskiya ne ya zo. Ya kafa baka ɗaya, zazzaɓi ya kama shi, aka mai da shi gida. Sauran ukun wani saurayi ne daga cikin masu miƙa masa ƙasa ya ƙarasa su, don ya tsaya ya lura da yadda ake jera azara ana ɗaurewa. Ya ɗaga hannu ya nuna mana bakan da ke yamma, ya ce mu duba da kyau, ya fi sauran kauri, shi ne na Bakatsinen. Na ɗaga kai. Haka ne. Ukun sun fi shi sirantaka, sun fi shi kyau.

"Saurayin nan kakana ne," in ji shi.

Sau biyu kakan nasa ya zauna a ɗakin gabas. Na farko ran da aka kawo shi. Na biyu bayan ya gama zauren, da ya ga ya yi abin da ya isa a sallame shi, ba a sallame shi ba, ya kama hanyar gida, aka cim masa a kwana na biyu. Ya yi wata guda a turu. Har ya mutu yana ɗingishi. Maginin ya ce ya riske shi da rai, yana yaro shi ke shafa masa man shanu a idon sawu in sanyi ya shigo, wurin ya yi fari, ya kewaye ƙafar kamar zobe.

Abin da ke yawo a kaina littafin tarihi ne na aji shida. Akwai darasin cinikin bayi a ciki, da hoton jirgin ruwa, mutane jere a cikinsa kamar kifi. Kowace shekara ina koyar da shi, ina nuna wa yara teku a taswira, ina gaya musu irin zaluncin da aka yi can nesa. Na kuma tuna yadda in mun zo hutu tsofaffin hayin rijiya ke tuɓe takalma tun daga nesa su durƙusa su gai da mu, mu ƴan yara, wata tsohuwa tana ce mini uwar ɗakina. Daɗi nake ji. Na ɗauka ƙauna ce.

Yaya ne ya fara magana. Ya ce zamani ne ya zo da haka, kowane mai hali a lokacin yana da bayi, ba kakanmu kaɗai ba. Ya ce a gyara azarun a toshe ƙofar yau-yau, kafin magana ta fita gari.

Tsohon ya ce, "Alhaji, wace magana za ta hita? Ba wanda bai sani ba a garin ga. Ku ɗai ne ba ku sani ba."

Na tambaye shi, ya san duk wannan, me ya sa yake zuwa kowace shekara yana yi wa gidan yaɓe? Ya dubi rufin ya ce duk ƙasar nan ba inda hannun kakansa ya rage sai nan. Ubansa ya gyara, shi ma yana gyarawa. Ya ce in yi haƙuri, amma ba don mu yake yi ba.

Bayan azahar na shiga wurin Gwaggo. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Tun kafin in buɗe baki ta ce ta ji faɗuwar rufewa. Na ce ashe ta sani. Ta ce tana ƴar shekara bakwai aka toshe ƙofar, a gabanta. Mahaifinta ne, wato kakana, ya sa aka yi, da aka ce wani ma'aikacin nasara zai zo zagayen ƙauyuka yana leƙa gidaje. A lokacin an daɗe da daina sa kowa a ciki, amma turun na nan, ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Aka toshe da dare ɗaya, aka gina rufewa a gaba.

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce kakarta, uwargidan mai soron, ta taɓa gaya mata cewa ɗakin girki a da yana jikin bangon nan. In na ciki suka fara kuka, sai ta ce wa mata su ɗauko turame su yi daka, ko ba a bukatar gari.

Wannan kakar ce aka sa mini sunanta. Na ce, "Gwaggo, don mi ba ki taɓa gaya muna ba?"

Ta ce, "Ke ƴar nan, wa ya tambaye ni?"

Kwana biyu muna ja da Yaya. Shi yana kan a toshe. Ni kuma, da zafin abin a kaina, na ce a bar ɗakin yadda yake, da turun da ƙarafan, a kawo ƴan lakwal daga Urafan da Tasawa su gani da idonsu, kada wani ya sake girma cikin jahilci irin nawa. Ina ganin na kawo magana mai kyau. Na je na sami maginin yana kwaɓa ƙasa na faɗa masa, ina jiran ya yaba.

Ya tsame ƙafarsa daga kwaɓin ya ce a'a. Ya ce yana da jikoki a makarantun nan da nake faɗa. In aka kawo ajinsu aka nuna musu turu, kafin a koma mota kowa ya san jikan wa aka sa a ciki. Akwai ƴan mata a unguwarsu da har yau in maganar aure ta taso daga wani gari sai an zo ana binciken asali. Ni zan koma Tasawa, su ne za su zauna da abin. Ko a wannan ma ban tambaye shi ba kafin in yanke.

Na ce to mi yake so a yi. Ya ce abu biyu. A ba shi turun da ƙarafan. Sannan a bar shi ya ɗaga rufin, ya fasa ƙofa ta sosai wadda mutum zai shiga a tsaye, ya buɗe taga. Na kai wa Yaya maganar. Ya ce a yi yadda tsoho ya ce. Washegari ya koma Mayahi, har yau kuma bai sake tayar mini da zancen ba.

Maza huɗu daga hayin rijiya suka zo suka ciccibo gungumen. Sai da aka faɗaɗa ƙofar kafin ya fita, wanda ya nuna tun ana gini aka sa shi a ciki, aka tayar da bango a kewaye da shi. Suka ɗora a amalanke, ƙarafan a buhu, suka tafi. Ban tambayi abin da aka yi da su ba, ba a kuma gaya mini ba.

Aikin ya ci sati uku. Na zauna har aka gama. Maginin ya canza azara biyar, ya ɗaure kusurwar, ya sa sabon indararo, ya yi wa bangon waje makuba har ba ka gane inda ya tsage. Cikin ɗakin ya yi masa yaɓe daga sama zuwa tsakiya, ya tsaya. Wuraren nan bakwai masu sumul ya bar su. Da na tambaya ya ce ƙasar wurin ta kama, ba ta bukatar komai. Yanzu harawar wake ake ajiyewa a ɗakin.

Ran da zan tafi na taka zuwa hayin rijiya. Tafiyar ba ta kai ta minti biyar ba, amma ban taɓa yin ta ba. Matar maginin ta rikice, ta rasa tabarmar da za ta shimfiɗa mini, ta dama fura ta kawo a ƙwarya. Na sha. Na zo da maganganu da yawa a bakina, na neman gafara, da na zauna sai na ga duk ba su da amfani gare shi, ni za su sauƙaƙa wa. Na tambaye shi sunan kakansa kawai.

Ya ce wanne? Akwai wanda aka sa masa a Soro, da shi kowa ya san shi. Akwai kuma wanda uwarsa ta raɗa masa, wanda bai faɗa wa kowa ba sai ƴaƴansa da jikokinsa. Ya yi ɗan tunani, sannan ya gaya mini duka biyun, da sunan garin da kakan ya ce daga can aka kamo shi, gari mai duwatsu da rafi da ba ya ƙafewa.

Da na koma Tasawa na je tsohuwar makarantata na roƙi babbar taswira, na shimfiɗa a tebur na bi kudu da yatsa, ban ga sunan ba. Na tambayi direbobin da ke zuwa Katsina da gaba da ita, na tambayi wani tsohon mai fataucin goro a unguwarmu. Ɗaya ya ce ya taɓa jin mai kama da shi, amma bai tabbata ba. Sauran suka ce ba su san garin ba.